Gammon Furen Da Na Rataya Wa Sadiya

Ko zan manta ranar da aka ɗaura min aure, ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da matata Sadiya ta dawo daga wankan jego. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a mota.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Kuɗi na yawo a Abuja, duk inda ka waiwaya gini ake yi, wayar salula ta shigo, kowa na ji da kansa. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ina zaune a ciki da falo a wani babban gidan haya a Nyanya. Akwai Ibo a gidan, akwai Tibi, akwai Idoma, mu kaɗai ne Hausawa. Saboda cunkoson hanyar shiga gari, ina sallame sallar asuba nake fita, ba na dawowa sai bayan isha'i. Maƙwabtana da fuska na san su. In mun haɗu in ɗaga hannu, su ce "Oga sannu," shi ke nan zumuncin.

Sadiya kuma 'yar Tudun Wadan Zariya ce, daga irin babban gidan nan da ko tari ka yi sai ka gaji da amsa sannu. Da cikinta na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida, kamar yadda aka saba. Ta haifi mace, aka sa mata sunan mahaifiyata, muna kiranta Ummi. Aka yi suna, aka yi arba'in, arba'in ta wuce, shiru babu maganar dawowa. Da na matsa mata a waya (ta wayar yayanta, wanda ke tsaye a kanta yana jiran abarsa), sai ta faɗa min abin da ke ranta.

"Malam, ni fa tsoron ɗakin nan nake yi. Ka fita da duhu, ka dawo da duhu. Ba ni da kowa a garin nan. In na mutu a ciki, wari ne zai sanar da mutane."

Maganar ta dake ni, don na san da gaskiya a cikinta. Daga baya manya suka yanke cewa Gwaggo Dije, ƙanwar babanta, za ta rako ta, ta ɗan kwana biyu ta ga yadda zaman yake. In bai yi mata ba, Sadiya ta koma Zariya da zama, ni kuma in bi sahun magidantan Abuja masu tafiya gida ran Juma'a su dawo Lahadi. Na san irinsu a ofis, ga su nan birjik, kullum da ledar burodi da idon wanda bai yi barci ba. Ba na son in zama ɗaya daga cikinsu. Ina son matata a kusa da ni, kuma ba na son 'yata ta tashi tana yi min kallon baƙo.

To, dole ke nan in burge Gwaggo Dije. Ita kuwa mace ce da ko Makka ta je sai da ta samo abin kushewa.

Na share ɗaki, na wanke labule, na sayo sabuwar ledar ƙasa. Da safiyar Asabar ɗin na tsaya ina kallon ƙofarmu, sai na ga ta yi tsirara, babu abin da zai nuna ana marhabin da wani. Nan take na tuna wani abu da na gani a watan Disamba, ranar da aka aike ni kai fayil gidan daraktanmu a Maitama. A jikin ƙofarsa an rataya wani zagayayyen abu na ganye da furanni, kamar gammon da mata ke ɗaukar tulu da shi, sai dai ya fi girma. Ya yi min kyau ƙwarai. Ban tambayi kowa ma'anarsa ba, na yanke wa kaina hukunci cewa haka wayayyun mutane ke cewa baƙo sannu da zuwa. (Ka ji fa. Mutum ya ga abu sau ɗaya daga bakin ƙofa, ya zama malami a kansa.)

Na duba agogo, na ga da sauran ɗan lokaci kafin in tafi tashar Jabi tarbarsu. Na ciro hangar rataye kaya ta waya, na lanƙwasa ta ta zama zobe, ƙugiyar ta tsaya a sama daidai wurin rataya. Na zaga bayan gida, inda katangar wani coci take, na yanko ganyen shinge. A nan kuma akwai wata bishiya mai fararen furanni masu ƙamshi, na tsinko cike da leda. Na zauna a falo da zare da almakashi ina ɗaurawa, ganye a ƙasa, fure a sama, ina zagayawa har zoben ya cika. Wallahi ya yi kyau. Ban taɓa sanin ina da irin wannan hannun ba, har na fara tunanin ko aikin gwamnati ne ya danne min baiwa.

Saura ribon, siririn ƙyallen ado. Na leƙa wajen telan bakin gida, ya zube min ragowar da yake da su, na zaɓi baƙi. Ja ya yi min ƙauyanci. Farin fure da baƙin ribon kuwa, ai wannan shi ne aji.

Da a nan na tsaya, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma da na ɗaga gammon sai na ga tsakiyarsa wayam. Na ce a raina, ai na darakta ma bai cika ba, bari in gyara masa aikinsa. Na ɗauko hoton Sadiya na biki, wanda ta yafa farin mayafi ta sunkuyar da kai, na huda gefensa, na ɗaure shi da zare a tsakiya cif. Na buga ƙusa a ƙofa na rataya.

Ashe bishiyar nan, in ka karya ta, wani farin ruwa take fitarwa kamar madara, kuma duk ya ɓata min yatsu. Na sa hannu na share gumi, ya shiga idona. Wani irin raɗaɗi ya taso, hawaye suka ɓalle. Ina tsaye gaban ƙofa cikin farar shadda, ina kallon hoton matata ina sharar hawaye, sai ga Maman Chinedu ta fito da bokiti. Ita ce ke ɗakin da ke kallon namu, tana sayar da kayan miya a kasuwa, a Kaduna ta tashi don haka tana jin Hausa, irin tata.

Ta tsaya cak. Ta dubi ƙofar, ta dube ni.

"Oga..." in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Madam?"

Na riga na makara, idona kuma ba ya buɗuwa sosai. Na gyaɗa mata kai, wato e, Madam ce a hoton, na ɗaga hannu alamar sai na dawo, na fice ina jan hanci. Na ji ƙarar faɗuwar bokiti a bayana, na ce a raina kyawun abin ne ya ruɗa ta. Wayata kuma tun daren Juma'a ta mutu don ba wuta, na bar ta a kan tebur.

Motarsu ba ta iso Jabi ba sai bayan azahar. Gwaggo Dije ta sauko tana mita a kan direba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, alamar ba a cin abinci a garin. Sadiya ta gaishe ni a ladabce, amma fuskarta ba walwala. Ummi na barci a bayanta, ta yafa mata farin mayafi, wanda sai daga baya na lura shi ne na cikin hoton. Muka ɗauki shatar tasi, muka cika but da buhun gero da daddawa da kuka da man shanu, muka kama hanya. Muka shiga cunkoson Nyanya, mota ba ta gaba ba ta baya.

"Nan kake bi kullum?" in ji Gwaggo. "To yaushe kake ganin iyalinka?"

Na juya wajen Sadiya na ce, "Akwai abin da na shirya miki a gida. Sai kin gani."

Muna karya kwanar layinmu na hango rumfa a ƙofar gidan, irin ta haya, da kujerun roba jere. Mata cike a ƙarƙashinta, hayaƙin girki na tashi daga gefe. Can ɗaya ɓangaren an shimfiɗa tabarmi, ga mutanen masallacin unguwa zaune da butoci, har da liman. Shagon Alhaji Mamman, Bakatsinen da ke sayar da kayan masarufi a bakin layi, a rufe yake, shi da ko ranar Sallah sai ya buɗe da yamma.

Sadiya ta dafa kujerata daga baya. Na waiwaya, na ga tana murmushi, karon farko tun da suka sauka.

"Malam, duk wannan saboda mu ne?"

Allah ya gani ban san komai a kai ba. Amma da na ga murmushin nan, na ga Gwaggo ma ta gyara zama tana leƙe, sai na yi gyaran murya na ce, "Ai kaɗan ma kenan." Na ɗauka maƙwabta ne suka ga ado a ƙofa suka gane ana biki, suka taya mu. Har wani daɗi na ji, ina cewa ashe ana girmama ni a unguwar nan ban sani ba.

Ni na fara fita daga motar. Wurin ya yi tsit. Alhaji Mamman ya taso da sauri, ya kama hannuna da hannayensa biyu, idonsa jajir.

"Malam, sai haƙuri. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Allah ya raya abin da ta bari."

"Amin," na ce, don baki ya saba. Sannan na ce, "Alhaji, wa ya rasu?"

Bai kai ga ba ni amsa ba ƙofar baya ta buɗe, Sadiya ta fito da farin mayafinta, tana murmushi tana shirin gaida jama'a.

Ban taɓa ganin mutane sun watse da sauri irin na ranar ba. Kujeru suka kife. Wata mata ta yar da faranti ta haye katangar da ko ni ba zan iya hawa ba. Alhaji Mamman ya saki hannuna ya ja da baya yana salati, hularsa ta faɗi bai ko waiwaye ta ba. Liman bai gudu ba, amma na ga leɓɓansa na motsi da sauri. Maman Chinedu kuwa ta zauna daɓas a ƙasa, hannu biyu a ka, tana kiran sunan Yesu da muryar da ta riga ta dishe.

Ni kuma ina tsaye baki buɗe. Har lokacin ban gane ba. Kaina ya tsaya cik, kamar an zare masa batir.

Ummi ce ta cece mu. Hayaniyar ta tashe ta, ta tsala kuka. Maman Chinedu ta ɗago kai, ta rarrafo, ta miƙa hannu a hankali ta taɓa ƙafar Sadiya, ta matsa, ta sake matsawa. Sai ta miƙe ta rungume ta da goyon gaba ɗaya, ta fashe da wani sabon kukan. Da ta gama da ita ta juyo kaina. Ta cire tawul ɗin da ke wuyanta ta shiga zabga min a kafaɗa.

"Oga, kai mugu ne! Me ya sa ka yi mana haka? Tun safe ban sha ko ruwa ba. Na tambaye ka Madam, ka ce e. Kana kuka!"

"Fure ne ya shiga idona," na ce.

"Fure." Ta ja ni ta hannun riga har cikin gida, jama'a na biye da mu, Gwaggo Dije a gaba. Ga gammona nan a ƙofa, furannin sun fara yaushi, Sadiya a tsakiya ta sunkuyar da kai. A ƙasa an kunna kyandir, wani ma ya ƙara nasa furen. Maman Chinedu ta nuna shi ta ce, "A wajenmu, in ka ga farin fure da baƙin ƙyalle da hoto a ciki, mutum ya tafi. A kan akwatin gawa ana sa shi. Kuma kowa ya sani Madam ya je haihuwa."

Sai a lokacin abin ya sauko min. Na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "A ƙofar darakta na gani."

"Wane wata?"

"Disamba."

"Na Kirsimeti ne wannan, kore da ja. Ka ga ya sa hoton matarsa?"

Ban gani ba. Wannan ƙarin nawa ne.

Alhaji Mamman, da ya samo hularsa ya dawo, ya ce, "Ni fa na ce masu Musulmi bai yin wannan. Sai na tuna kai ɗan boko ne, na ce ƙila haka kuke yi yanzu. Mun ɗauka an yi jana'iza can Zariya ka tafi, shi ya sa muka zauna jiranka." Liman ya ƙara da cewa sun riga sun yi mata addu'a sosai, kuma ba ta ɓaci ba, tana nan ajiye. Wani ya tuntsire da dariya, dariyar ta bi wurin. Ni kaɗai ne ban yi ba, sai Gwaggo Dije, wadda ta tsaya gaban ƙofar ta riƙe haɓa tana duban hoton. Na ce a raina shi ke nan, ba ma sai ta yi kwana biyun ba, gobe da safe za su juya.

Ban iya kallon Sadiya ba sai da aka jima. Da na saci kallonta, ba ni take kallo ba. Tana zaune a kujera an kewaye ta. Waɗanda suka gudu sun dawo ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta taɓa ta tukuna. Ga mai tumatir ɗin da Sadiya ke tambaya kullum ya jikin ɗanta, ta baro tirenta a kasuwa ta zo. Ga wata nas 'yar Tibi da Sadiya ta taɓa yi wa lalle, ta dawo daga aikin kwana ko barci ba ta yi ba, ita ce ta hau katanga. Ga wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, ashe Sadiya ke ɗebo mata ruwa in an kawo famfo. Matan cocin su Maman Chinedu su suka kawo rumfar, su suka dafa shinkafar. Ana ta karɓar Ummi hannu zuwa hannu. Sadiya tana dariya, hawaye na zuba, ba ta ko share su.

Ni da na riga ta zama a gidan, ban san sunan ko rabinsu ba.

Tunda an riga an dafa abinci, sai aka ci. Zaman makoki ya koma walima, liman ya sake addu'a, wannan karon ta masu rai. Gwaggo Dije ta ci dafa-dukar nan har da ƙari, ba ta kushe ko gishirinta ba. Da aka yi la'asar jama'a suka ragu, ta kira mu falo. Na durƙusa ina jiran hukunci.

"Ke," ta ce wa Sadiya, "kin ce mana ba ki da kowa. Ni dai in na mutu a Tudun Wada, ban sani ba ko za a rufe min shago." Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Miji dai Allah bai ba ki mai wayo ba. Amma ya ba ki maƙwabta. Zauna ɗakinki."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da Gwaggo ta fita alwala, na miƙe zan je in ciro abin daga ƙofa in kai shi bola. Sadiya ta ce in cire mata hotonta a hankali kada ya yage. Na kwance na miƙa mata, ina ta ba ta haƙuri, ina cewa marhabin na yi niyya. Ta juya hoton a hannunta, ta ce, "Na sani, Malam." Ta kasa kunne, tana jin muryar Maman Chinedu a tsakar gida tana ba da labarin a karo na ban san nawa ba. "Ashe ba wari ne zai sanar da su ba."

Mun daɗe a gidan nan kafin mu tashi, kuma har muka tashi sunana a layin Oga Mai Fure. Gwaggo ta kai labarin Zariya, inda ya ƙara kitse a hanya, har yau akwai dangin Sadiya da suka yi imani na buga mata fostar mutuwa. Sadiya kuma duk ranar da na shigo da wata sabuwar dabara ta gyaran gida, sai ta tambaye ni a natse, "A ƙofar wa ka gani?"

Na dai koyi cewa in ka ga abu a ƙofar babban mutum, ka tambayi na kusa da kai me ake nufi da shi kafin ka kwaikwaya, kuma in ka kwaikwaya kada ka yi ƙari. Amma abin da ya fi tsaya min a rai wani ne daban. A ranar, ina taya su kwashe kujeru, na tambayi kaina: da hotona ne a tsakiyar gammon nan, wa zai rufe shagonsa? Washegari Lahadi na bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasawa ina tambayar mutane sunayensu.